Ilimin nazarin al'umma: manyan ra'ayoyinsa da yadda aka gwada su a kan Babulen Kurfey

Ilimin nazarin al'umma, wanda a jami'o'i ake kira antropoloji, Faransawa kuma suka daɗe suna ce masa etnoloji, shi ne fannin da ke binciken yadda mutane suke zama tare: aurensu, dangantakarsu, sarautarsu, imaninsu da hanyoyin neman abincinsu. Ya kafu a Turai da Amurka a cikin ƙarni na 19, daidai lokacin da Turawa suke mamaye ƙasashen wasu, shi ya sa tarihinsa ya cuɗe da na mulkin mallaka. Nijar tana cikin ƙasashen Afirka da aka yi wa irin wannan bincike sosai. Wani al'amari da ya ɓullo a ƙasar Kurfey a shekarar 1925, wato bayyanar iskokin Babule, ya zama misalin da ake karantarwa a jami'o'in duniya har yau. Kusan duk wani babban ra'ayi na wannan fanni an gwada shi a kansa, saboda haka wanda ya bi labarin Babule zai ga yadda ilimin kansa ya riƙa sauyawa.

Abin da ya faru a Kurfey

Filinge, babban garin Kurfey, yana cikin kwarin Dallol Boso, wajen kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. A farkon ƙarni na 20 Faransawa suka ɗaure wa Gado Namalaya gindi a matsayin shugaban kanton. Ta hannun sarakunan kanton ake karɓar haraji, ake ɗibar samari zuwa aikin soja da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946.

A 1925 wata mata mai suna Shibo, ɗiyar wani mutum da ake kira Ganji, ta fara hawan wasu iskoki da ƴan bori ba su san da su ba. Garin Shikal, kusa da Filinge, shi ake yawan ambata a labarin. Waɗannan iskoki sojoji ne da ma'aikatan bariki: akwai Gwamna, akwai Janar, akwai Kafaran, akwai Lokotoro wato likita, shugabansu kuma Istambula. Wanda suka hau yakan yi fareti, ya sara irin ta soja, ya riƙe bindigar itace, ya yi magana da gurɓataccen Faransanci, ya taɓa wuta ba ta ƙone shi ba. Hausawa suka kira su Babule. A wajen Zabarmawa sunan Hauka ya bi su, kalmar da aka ara daga Hausa.

Samari da ƴan mata da yawa suka bi Shibo, suka daina jin maganar sarki. Kwamandan Yamai na lokacin, Horace Crocicchia, ya sa aka kamo mabiyanta wajen 60 aka kai su Yamai, aka tsare su, aka wulaƙanta su. Abin bai mutu ba. Kwamandan kansa ya koma ɗaya daga cikin iskokin, ana kiransa Kwamandan Mugu. Daga baya aka kori wasu shugabannin tafiyar daga ƙasar, ƴan ci-rani kuma suka kai Babule har Gwalkwas, wato Gana ta yanzu. Tambayar da masana suka yi ta juyawa tun daga nan ita ce: me waɗannan mutane suke yi?

Al'ada da ra'ayin tsani

Kafin Turawa, malaman Musulunci sun rubuta bayanin al'ummomi. Albiruni ya yi littafi a kan mutanen Indiya wajen shekarar 1030, Ibn Khaldun ya yi nazarin zaman makiyaya da na birni a ƙarni na 14, Muhammadu Bello kuma ya kawo bayanin ƙasashen Sudan da mutanensu a Infaƙul Maisur a 1812. Amma fannin da ake koyarwa a jami'a ya fara ne da mutane irin su Edward Tylor na Ingila. A littafinsa na 1871 ya fassara al'ada da cewa ita ce duk abin da mutum ya koya saboda zamansa cikin jama'a, tun daga ilimi da imani har doka da ɗabi'a. Wannan fassara ta yi amfani, domin ta nuna cewa babu al'ummar da ba ta da al'ada.

Sai dai Tylor da Lewis Henry Morgan na Amurka, wanda littafinsa ya fito a 1877, sun ɗauka cewa dukkan al'ummomi suna hawan tsani guda ne. Morgan ya kasa shi mataki uku: zaman daji, zaman jahilci, sannan wayewa, Turawa kuma suna can bisa. Tylor ne ya yaɗa kalmar animisim, wato imani da cewa abubuwa suna da kurwa, ya ce shi ne matakin farko na addini. Daga nan ma'aikatan bariki suka samo kalmar da suke rubuta Azna da ita a takardunsu, kuma har yanzu ana ganinta a littattafan makaranta da rahotanni.

Da wannan ido Tremearne, wani jami'in Ingila, ya kalli bori a littafinsa na 1914, ya ɗauke shi ragowar wani tsohon zamani. Babule sun nuna raunin wannan ra'ayi. Iskokin da ke sanye da kakin soja, suna ba da oda da Faransanci, ba za a ce ragowar zamanin da ba ne. Shekarunsu ba su wuce na barikin Filinge ba.

Auna kowace al'ada da tiyarta

Franz Boas, Bajamushen da ya koyar a Amurka kuma ya rasu a 1942, shi ya rushe tsanin. Ya nuna cewa launin fata, harshe da al'ada abubuwa ne daban-daban, ɗaya ba ya haifar da ɗaya. Ya ce kowace al'umma tana da tarihinta, kuma kafin a yanke hukunci a kan wata ɗabi'a sai an san ma'anarta a wajen masu ita. Kamar a kasuwa ne: ba a auna hatsin wani gari da tiyar wani gari sannan a ce an yi ha'inci.

Ana yawan yi wa wannan ra'ayi mummunar fahimta. Ƙa'idar bincike ce, ba fatawa ba. Malaman addini sun daɗe suna hukunta bori da cewa shirka ne, kuma mai nazarin al'umma ba ya shiga wannan hukunci, ba ya kuma tabbatar da iskoki ko ƙaryata su. Aikinsa ya bayyana wa ke yi, yaushe, da wace manufa, da abin da jama'a suke fahimta. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano, ya nuna a littafinsa na 1946 cewa tunanin Maguzawa game da iskoki ya riga ya cuɗanya da abin da Musulmi suke faɗa game da aljanu. Ke nan babu wani "addinin asali" da ya tsaya cik bai taɓa motsi ba. Istambula, shugaban Babule, shi ma ana ɗaukarsa Musulmi ne, kuma sunansa daga birnin Istambul ya fito.

Zama cikin mutane

Masanan farko yawancinsu ba su bar ɗakin karatu ba, da rahotannin matafiya da ƴan mishan suka yi aiki. Bronislaw Malinowski, ɗan ƙasar Folan, ya sauya wannan. Ya zauna a tsibiran Trobriand, kusa da Sabuwar Gini, tsakanin 1915 da 1918, ya koyi harshen mutanen, ya fitar da littafinsa a 1922. Tun daga nan sharaɗin wannan ilimi ya zama zama mai tsawo cikin jama'a, da jin harshensu, da ganin abu da ido. Hausawa sun riga sun faɗa, gani ya kori ji.

A ƙasar Hausa wannan hanya ta ba da littafin Baba ta Karo, tarihin rayuwar wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta daga bakinta, aka buga a 1954. A Nijar, Marc-Henri Piault ya yi aiki a Arewa, Guy Nicolas a Maradi, Nicole Echard kuma a Adar da Kurfey. Littafin Echard na 1989 a kan borin waɗannan ƙasashe biyu yana cikin muhimman abubuwan da aka rubuta game da Babule, domin ta tattara bayani daga bakin ƴan bori da kansu, ba daga takardun bariki kaɗai ba.

Amfanin al'ada

Malinowski da Radcliffe-Brown sun kawo wata tambaya: wane aiki wannan al'ada take yi wa jama'a? A ganinsu al'umma kamar jiki ce, kowace gaɓa da amfaninta. Misalin da kowa ya sani a Nijar shi ne wasan taubasai, irin na Arawa da Fulani, Barebari da Fulani, Gobirawa da Zabarmawa, ko Zabarmawa da Buzaye. Radcliffe-Brown ya rubuta a 1940 cewa irin wannan wasa hanya ce ta riƙe zumunci tsakanin mutanen da rikici zai iya shiga tsakaninsu. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan taubasai na Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya.

Marcel Mauss na Faransa ya yi irin wannan nazari a kan kyauta a 1925. Ya ce kyauta tana ɗauke da wajibai: a bayar, a karɓa, a mayar. Duk matar da ta taɓa kai biki ta san wannan, domin abin da aka kawo mata ranar suna ana tuna shi, kuma za ta mayar da ƙari. Guy Nicolas ya yi shekaru yana nazarin wannan musaya a Maradi.

Da aka juyo kan bori, I. M. Lewis ya ce a littafinsa na 1971 hawan iska hanya ce da mata da marasa ƙarfi suke bi su faɗi buƙatarsu ba tare da an kama su da laifi ba, tunda iska ce ta yi magana. Akwai gaskiya a ciki, ganin cewa Shibo mace ce kuma mabiyanta matasa ne. Amma ra'ayin amfani yana da gurgunta: ya fi iya bayyana abin da ke riƙe zaman lafiya, ya kasa bayyana abin da ke tayar da ƙura. Babule kuwa sun raba gari biyu, sun sa yara sun bijire wa sarki.

Halin mulkin mallaka

A 1951 Georges Balandier ya rubuta cewa kuskure ne a yi nazarin ƙauyen Afirka kamar yana zaune shi kaɗai, alhali kwamanda da gardi da mai karɓar haraji suna cikin rayuwarsa ta kullum. Mai mulki da wanda ake mulka tsari guda ne, tare za a dube su. Ya kira wannan halin mulkin mallaka.

Da wannan fahimta masanin tarihi Finn Fuglestad, ɗan ƙasar Norwe, ya koma kan takardun bariki, ya fitar da nazarinsa a kan Hauka a 1975. Ya ɗauki tafiyar Shibo a matsayin bijirewa ga Faransawa da kuma sarakunan da suka naɗa. Ya danganta ta da rikicin sarautar Kurfey, inda mabiya Babule suka ƙi goyon bayan ɗan gidan Gado Namalaya da bariki yake so. A nan tambaya ta tashi daga "wane irin addini ne wannan" ta koma "wa ke da iko, wa kuma ya ƙi shi". A 1973 Talal Asad ya fitar da wani littafi da ya juya tambayar kan masanan kansu: wa ya biya kuɗin tafiyarsu, wa ya ba su izinin shiga, wa ya amfana da abin da suka rubuta?

Kwaikwayo

Abin da ya kai Babule idon duniya fim ne. Jean Rouch, wanda ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, ya ɗauki taron shekara na ƴan Hauka a bayan birnin Akara a 1954. Yawancin mutanen da ke cikin fim ɗin ƴan ci-rani ne daga Nijar. Ya sa masa suna Les Maîtres fous, ma'ana mahaukatan iyayengiji. Da aka nuna shi a gidan tarihin Musée de l'Homme na Paris, malaminsa Marcel Griaule ya nemi a lalata shi. Ɗaliban Afirka da suka kalla sun fusata, suna ganin hoton mutane da kumfa a baki suna cin naman kare zai ƙara wa masu wariyar launin fata hujja. Hukumomin Ingila sun hana nuna shi a Gwalkwas, domin sun ga ana kwaikwayon gwamnansu. Duk da haka ya ci kyauta a bikin fina-finai na Venis a 1957.

Rouch ya nuna mutanen washegari sun koma bakin aikinsu lafiya lau, ya bar mai kallo da tunanin cewa wasan magani ne na wahalar zaman birni da mulkin Turawa. Masana na baya suka kawo wasu fassarori. Michael Taussig a 1993 ya ce mai kwaikwayo yana neman ya kama ƙarfin abin da yake kwaikwaya. Paul Stoller, wanda ya yi shekaru yana bincike a jahar Tilaberi, ya ce a littafinsa na 1995 jiki ne yake riƙe da tarihin mulkin mallaka, yana tuna shi da tafiya da murya da tsawa. James Ferguson a 2002 ya ce wataƙila ba ba'a ake yi ba, neman shiga ake cikin duniyar masu iko da dukiya. Echard kuwa ta nuna cewa bori ya saba karɓar baƙi: da akwai iskokin Fulani, na Buzaye, na malamai, saboda haka shigowar na Turawa ci gaban wata tsohuwar hanya ce ta ajiye tarihi. Adeline Masquelier ta sami Babule a Dogon Dutsi, Matthias Krings kuma ya same su a borin Kano, inda ake kiransu Turawa.

Jean-Pierre Olivier de Sardan ya ja kunnen duka a 1993. Ya ce masana suna ɗora wa Hauka ma'anar siyasa fiye da abin da hujja ta nuna, alhali masu abin suna maganar iskoki da ciwo da magani ne. Wannan gargaɗi ya zama darasi a fannin baki ɗaya: mai bincike ya rarrabe abin da aka gaya masa da abin da shi ya ƙara.

Ƙabila

Ma'aikatan mulkin mallaka suna son a ce kowane mutum yana da ƙabila guda, kowace ƙabila da yankinta da sarkinta, domin hakan ya fi sauƙin ƙidaya da haraji. Ƙasar Filinge ba ta shiga wannan awo. Kurfayawa Hausa suke yi, Zabarmawa suna kiransu Sudiye, da yawansu suna jin harsunan biyu. Maƙwabtansu su ne Zabarmawan Tondikandiya, Buzayen Imanan da Tagazar, da Fulani makiyaya, kuma auratayya da kasuwa sun haɗa su tun da daɗewa.

Fredrik Barth ya nuna a 1969 cewa abin da ke yin ƙabila shi ne iyakar da mutane suke shatawa tsakaninsu da wasu, kuma ana ƙetare ta, mutum ya shiga ko ya fita. A 1985 Jean-Loup Amselle da Elikia M'Bokolo suka fitar da littafi mai nuna cewa wasu sunayen ƙabilu na Afirka a ofishin bariki suka daskare. Babule ma sun ƙetare wannan iyaka: sun fito cikin Hausawa, suka shiga holle na Zabarmawa, suka bunƙasa a Akara. Wannan batu yana da nauyi a yau, lokacin da rashin tsaro a arewacin Tilaberi yake sa wasu su yi wa al'umma guda kuɗin goro saboda laifin wasu ƴan tsiraru.

Wa ke nazarin wa?

Ousmane Sembène, mai shirya fina-finai na Senegal, ya taɓa gaya wa Rouch cewa masu nazarin Afirka suna kallon mutanenta kamar ƙwari. Amsar Rouch ita ce abin da ya kira nazari na tarayya: a mayar wa mutane fim ɗin su gani, su yi gyara, su shiga cikin shirya na gaba. Ya yi aiki shekaru da dama da Damouré Zika, Lam Ibrahima Dia da Tallou Mouzourane. A fim ɗinsu Petit à petit, Damouré ne ya je Paris yana auna kawunan Faransawa yana duba haƙoransu, kamar yadda aka yi wa ƴan Afirka. Oumarou Ganda, wanda ya fito a fim ɗin Rouch na 1958, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu shirya fim na Nijar. Rouch ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni ranar 18 ga Fabrairun 2004, aka binne shi a Yamai.

Ƴan ƙasa ma sun karɓi aikin. Boubou Hama ya rubuta littattafai masu yawa a kan tarihi da al'adun Nijar, gidan tarihi na ƙasa yana ɗauke da sunansa. Diouldé Laya ya shugabanci cibiyar CELHTO ta Yamai mai tattara tarihin baka. Cibiyar IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni, wadda ta gaji reshen IFAN na zamanin Faransawa, tana ajiye da rubuce-rubucen Ajami da na Larabci da muryoyin dattawa. A 2001 aka kafa LASDEL a Yamai, inda masana ƴan Afirka suke amfani da hanyar zama cikin mutane wajen nazarin asibitoci, kotuna, ma'aikatun magajin gari da ayyukan ƙungiyoyin agaji. Daga can ra'ayin ƙa'idojin aiki na zahiri ya yaɗu, wato bambancin da ke tsakanin abin da doka ta rubuta da abin da ma'aikaci yake yi a gaban jama'a.

Saboda haka idan baƙo ya sauka Filinge ko Shikal da littafi da na'urar ɗaukar murya, akwai tambayoyin da mutanen gari suke da haƙƙin yi masa, kuma fannin kansa ya yarda da su a yau: wa ya aiko shi, har yaushe zai zauna, da wane harshe zai yi hira, ina zai kai abin da ya ji, kuma yaushe zai dawo ya karanta musu abin da ya rubuta.